Komawa kan keke bayan teɓa ta zauna: kundin aiki daga Zariya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Magidanta uku ne a wannan aikin. Dukkansu sun hau keke suna samari, suka ajiye shi fiye da shekara goma sha biyar, zaman shago da zaman ofis suka tara musu jiki. Za mu riƙa kiransu da kekunansu: mai Phoenix, mai Raleigh, da mai keken Kwatano. Mu masu rubuta kundin, wasunmu gyaran keke suka sani, wasunmu aikin lafiya.

Yau awo kawai aka yi. Mai Phoenix shekararsa 47, tsawo mita 1.72, nauyi kilo 104, ƙugu santimita 114. Mai keken Kwatano shekara 41, mita 1.80, kilo 118, ƙugu 121. Mai Raleigh shekara 52, mita 1.68, kilo 92, ƙugu 106, kuma yana da ciwon suga, yana shan glibenclamide. In aka raba nauyi da tsawo sau tsawo, ma'aunin ƙibarsu ya kama 35, 36 da kusan 33. Daga 30 ake kiran abin ƙiba, saboda haka duka ukun sun shiga.

Awon ƙugu ya fi muhimmanci a wurinmu, kuma mutane da yawa ba sa yin sa daidai. Ba inda wando ke zama a ƙarƙashin tumbi ake ɗora tef ba. Tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso ake ɗorawa, wajen cibiya, bayan mutum ya fitar da numfashi, ba tare da ya haɗiye ciki ba. Namiji in ya kai 94 hatsarin ciwon suga da na zuciya ya fara hawa, in ya wuce 102 ya yi yawa. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum.

Jinin mai Phoenix ya nuna 148/94 a awo biyu. Mun tura shi asibiti kafin ya taɓa feda. Wanda jininsa ya kai 180/110 ba ya fara motsa jiki sai likita ya daidaita shi. An kuma gaya wa duka ukun alamomin da ake sauka nan take saboda su: nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, jiri, gumi mai sanyi, ko hakin da ya ƙi lafawa bayan an tsaya. Waɗannan ba a jira gobe a kansu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ranar kekuna. Keken da ya yi shekaru a jingine a zaure, roba ce ke fara mutuwa a jikinsa. Tayoyin Phoenix da Raleigh duk sun tsattsage a gefe, an sauya su da tiyub ɗinsu, lamba 28 x 1½. An sauya robar birki, domin tsohuwa ta bushe, sai ta zame a kan ƙarfen wili maimakon ta kama. An kuma sa sabon kyallen da ke rufe kawunan wayoyi a cikin wili. In babu shi, kan waya ne ke huda tiyub daga ciki, mutum ya yi ta faci bai san dalili ba.

An kwance cibiyar kowane wili, an wanke da kananzir, an zuba sabon boris da giris. Yawanci cibiyar baya tana cin ƙwaya 9 a kowane gefe masu girman inci ¼, ta gaba 10 masu inci 3/16, amma a ƙirga na ciki kafin a zubar, don ba duka kekuna ne iri ɗaya ba. Wajen ɗaurewa, a matse har wasa ya ɓace amma wili na juyawa da kansa. Matsewa fiye da haka na cinye kwanon boris cikin 'yan makonni.

Sarƙa da tef ake auna ta. Gaɓa 12 cikakku a sabuwar sarƙa inci 12 ne cif, wato santimita 30.5. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, ta gama aiki. In ta ƙaru da uku, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, wato ƙaramin farantin da sarƙa ke ja a wilin baya, sai a sauya su tare, in ba haka ba sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle in an taka da ƙarfi. Ta Raleigh ta wuce uku, an sauya duka biyun.

Keken Kwatano mai giya ne, taya inci 26, faranti uku a gaba, bakwai a baya. Jikinsa lafiya. Damuwarmu wilin baya: waya 32 ne, kuma ƙarfen wilin mai bango ɗaya. Mutum mai kilo 118 ya fi dacewa da waya 36 da wili mai bango biyu. Mai keken ya nemi a bari tukuna saboda kuɗi. An ɗaure wayoyin daidai, an bar shi, amma za mu riƙa dubawa kowane mako.

Abu ɗaya ga mai kwance feda a gida: ta hagu zarenta a juye yake, dama ake murɗa ta in za a kwance. An lalata zare da yawa saboda rashin sanin wannan.

Asabar, 19 ga Oktoba

Likita ya ɗora mai Phoenix a kan maganin hawan jini, ya kuma yarda ya fara a hankali. An duba sunan maganin, domin irin su atenolol suna rage bugun zuciya, sai ƙirgen bugu ya daina nuna gaskiyar wahala. Nasa ba ya cikinsu.

An daidaita sirdi. Mutum ya tsaya ba takalmi, a auna daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mai Phoenix awonsa santimita 80, sirdinsa ya zauna a 70.5. Wanda ba shi da tef, ya zauna a sirdi ya ɗora diddige a feda tana ƙasa: ƙafa ta miƙe sarai ba tare da kwankwaso ya karkata ba. In ya mayar da tudun yatsu kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, haka ake so. Duka ukun sun so sirdi ya sauka yadda ƙafa biyu za su taɓa ƙasa suna zaune. Mun hana, don wannan ne ke kashe gwiwa. A jikin sandar sirdi akwai layin da ba a ɗaga ta sama da shi. Mai nauyi ya kiyaye layin nan sosai, sanda na iya lanƙwashewa ko ta fasa bakin bututun.

Tsarin makonni biyu na farko: minti 15 zuwa 20, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani, bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye. Ma'aunin wahala shi ne magana: mutum ya iya faɗin jimla cikakkiya yana tafe. In sai kalma biyu-biyu yake iya fitarwa, ya yi sauri. Ga mai son lamba, a cire shekaru daga 220, a ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Mai shekara 47 zai samu bugu 104 zuwa 121 a minti, wato 26 zuwa 30 a daƙiƙa 15 in ya dafa wuyan hannu. Lissafin kiyasi ne, amma ya isa jagora. Inda aka dosa shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu.

Hanya kuwa, an zaɓi titunan cikin unguwa na wajen Samaru da hanyar burji ta wajen Bomo. Titin Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru, da babbar hanyar Kaduna zuwa Kano, ba wurin mai sabon komawa ba ne, tirela da 'yan acaɓa da A-daidaita-sahu ba sa ba mai tangaɗi uzuri. Hular kwano dole. Ƙafar wando ta dama a ɗaure ta da roba, kaftani mai tsawo a bar shi a gida.

Laraba, 23 ga Oktoba

Kukan da kowa ya zo da shi ɗuwawu ne. Wannan ciwon ƙashin zama ne, yana wucewa cikin mako biyu zuwa uku in ana hawa a kai a kai. Wanda ba a haƙuri da shi shi ne sagewar gaba ko matsematsi, don jijiya da hanyar jini ake dannewa. Mai Raleigh ya samu haka, aka duba, hancin sirdinsa ya ɗaga sama. An kwantar da shi daidai da ƙasa, sagewar ta tafi. Ya so ya naɗa soso mai kauri a kai, mun hana: soso mai laushi yana lotsawa ƙarƙashin ƙashi, ya taru a tsakiya, ya danne daidai wurin da ake gudu. Ɗan kamfai mara ɗinki mai kauri, da ɗan man shafawa a inda cinya ke guga, da wanka da zarar an dawo, sun isa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mai Phoenix ya fara ciwo a gaban gwiwa. Sirdi daidai yake, saboda haka aka koma kan giya. Farantin gabansa haƙora 46 ne, firiwil 18. Da taya inci 28, duk juyi ɗaya na feda yana tura keke kusan mita 5.7. Saurayi mai kilo 60 ba zai ji komai ba. Mai kilo 104 da ya yi shekaru bai taka ba, ƙafarsa na juyawa sau 45 zuwa 50 kawai a minti, kowane taki yana matse ƙoƙon gwiwa. An sa firiwil mai haƙora 22, an ƙara gaɓa a sarƙa. Yanzu juyi ɗaya kusan mita 4.7 ne, ƙafa na juyawa wajen sau 70. A ganinmu wannan ne gyara mafi arha kuma mafi amfani ga duk mai nauyi da zai koma kan keke mara giya.

Mai keken Kwatano yana da giya amma ba ya amfani da ita, yana kan babban faranti kullum, wai nauyin taki shi ne motsa jiki. An mayar da shi farantin tsakiya, da umarnin ya ƙirga juyin ƙafar dama a daƙiƙa 15, ya nemi 18 zuwa 21. Zuciya da huhu juyi suke so, gwiwa kuma sauƙi. Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ya yi ƙasa ne ko giya ta yi nauyi. Ciwon bayan gwiwa, sirdi ya yi sama. A gyara milimita biyar-biyar, kada a yi tsalle.

Faci ya yi yawa a makon nan, iri biyu. Huda ɗaya ƙarama a bayan tiyub, tsidau ne, wanda ya bushe yanzu da damina ta ɗauke, ya cika gefen hanyar burji. Huda biyu a jere kamar saran maciji kuwa ƙarancin iska ne: an faɗa rami, ƙarfen wili ya cije tiyub. Masu nauyi wannan suka fi samu. Iyakar iska tana rubuce a gefen taya. Ta keken Kwatano 40 zuwa 65 ce a ma'aunin psi, an sa baya 60, gaba 50. Matsa taya da babban yatsa ba awo ba ne. Wajen faci, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira minti uku zuwa biyar ya bushe kafin a manna. Kuma a shafa cikin taya da yatsa a hankali a cire ƙayar, in ba haka ba za ta sake hudawa kafin a kai gida.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An kai minti 30 zuwa 35, sau huɗu a mako. Haki ya ragu, barci ya gyaru, amma sikeli bai ce komai ba: mai Phoenix 103.5, mai keken Kwatano 118 yadda yake. Gwiwar mutane ta fara sanyi, sai muka zauna da alƙalami.

Mutum mai kilo 100 in ya yi minti 40 a matsakaicin gudu yana ƙona wajen kalori 400. Kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne. Kwalbar lemo ta roba mai santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan giram 50, kalori wajen 200. Cokalin mai babba ɗaya kalori 120 ne. Mai keken Kwatano yana dawowa daga hawa ya tsaya wurin mai shayi: madarar gwangwani, sukari, rabin burodi, wainar ƙwai, da rana kuma lemo biyu saboda yunwar da keke ta tayar. Ya mayar da abin da ya ƙona har da ƙari. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, motsa jiki yana buɗe ciki, kuma ba wanda ya gaya masa lissafin.

Ba mu hana kowa tuwo ba. Abin da aka tsayar: lemon kwalba ya fita gaba ɗaya, zoɓo da kunun aya sai marasa sukari. Malmalar tuwo biyu ta dare ta koma ɗaya, a ƙara miyar ganye, kuka ko kuɓewa ko taushe, a rage man da ake kwararawa a kai. Shinkafa da wake, waken ya fi yawa. Fura ba sukari. Ƙosai da doya soyayyu su koma na ranar Juma'a. Tsire ba matsala in an zaɓi tsoka. An roƙi iyalansu su shiga cikin maganar, don mai rabon abinci ita ce ke riƙe da rabin aikin nan. Abin da ake nema rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ba fiye ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Rana ba ta fitowa sai wajen bakwai saura, ga hazo, saboda haka an mayar da fita ƙarfe bakwai. Riga mai haske, jar fitila a baya ko da rana. Minti goma na farko a giya mafi sauƙi, tsoka mai sanyi ba ta son gaggawa. Ranar da ƙura ta rufe gari har ba a hango ƙarshen layi, a sa takunkumi a rage gudu, ko a fasa. Mai asma ya fasa kawai. Iskar hunturu na busar da gumi kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. A hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: duk kilo ɗaya da ya ragu, lita ɗaya ce ta ruwa, ba kitse ba, a mayar da ita.

Ƙura da mai in sun haɗu a sarƙa suna cin ƙarfe. Kowane mako a goge sarƙa da tsumma da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a goge na waje tas. Man da ke aiki yana cikin gaɓa, na waje ƙura kawai yake kira. Baƙin man da aka juye daga inji ba a sa shi, cike yake da garin ƙarfe.

Mai Raleigh ya kawo wata damuwa da ba ta gyara ba: a unguwa ana tare shi, "Alhaji, lafiya dai? Ina motar?" A garin nan magidanci mai mota in ya hau keke, karaya ake fara zato. Mun ɗauki maganar da muhimmanci, don ta fi ciwon gwiwa sa mutane ajiye keke. An haɗa su ukun su riƙa fita tare ranar Asabar da Lahadi, da hula da kayan motsa jiki. Mutum uku a jere ba a tambayarsu.

Awon nauyi: mai Phoenix kilo 101, mai keken Kwatano 115.5, mai Raleigh 90. Ƙugu ya ragu santimita 3 zuwa 4 a kowa.

Talata, 17 ga Disamba

Wilin bayan keken Kwatano ya ba da amsa. Waya ta uku ta karye, duka a gefen sarƙa, duka a lanƙwasar da ke shiga cibiya. Dalili: a keke mai giya wayoyin gefen sarƙa sun fi tsayuwa a miƙe kuma sun fi ɗaurewa, su ke ɗaukar mafi yawan nauyi. Kowane juyi, wayar da ta zo ƙasa tana sakewa ta sake ɗaurewa, har ƙarfen ya gaji. In ɗaya ta karye a sauya ta. In uku suka karye, sauran ma sun gaji, sauya ɗai-ɗai asarar kuɗi ce. Da aka kwance, sandar da ta ratsa cibiyar ma ta lanƙwashe, abin da aka saba gani a cibiya mai firiwil na murɗawa, don boris ɗin dama yana can ciki, ya bar sanda mai tsawo ba madogara. An ɗinka sabon wili: bango biyu, waya 36 masu kaurin milimita 2, kowace waya ta haye wasu uku, da sabuwar sanda. Bayan hawa na mako ɗaya a dawo da shi a sake ɗaurewa. An kuma koya masa ɗaga jiki daga sirdi in zai haye rami ko tudun rage gudu, gwiwa ta sha girgizar maimakon wili.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Mai Raleigh ya samu karkarwa da gumi da duhun gani wajen minti na 40. Ya sha maganinsa, ya fita bai karya ba. Suga ne ya faɗi. Glibenclamide da insulin suna iya jawo haka in aka haɗa da motsa jiki, kuma da nauyi ke raguwa, adadin maganin da ya dace a da yana iya yin yawa. Dabino uku a aljihu suka tashe shi. Doka daga yau: ba ya fita sai ya ci wani abu, ya auna suga kafin fita, in bai kai 100 a ma'aunin mg/dL ba ya ci ya jira, dabino ko sukari kullum a aljihu, kuma ba ya fita shi kaɗai. An tura shi wurin likitansa a sake duba maganin. Ba mu rage masa da kanmu ba, kuma kada kowa ya rage da kansa.

Sauran biyun an ƙara musu hawa sau ɗaya a mako a wajen Wusasa, inda ƙasa ke ɗan tashi kusa da dutsen Kufena: minti biyu ana hawa a zaune da giya mai sauƙi, minti uku ana hutawa, sau huɗu. A sauya giya kafin tudu, ba a tsakiyarsa ba, sarƙa ba ta son canji ana danne da ita. An shigar da ƙarfafa tsoka kwana biyu: zama da tashi daga kujera ba dafawa sau 12, turin bango sau 12, zagaye uku. Keke ba ya gina hannu da baya, kuma mai rage nauyi yana asarar tsoka in bai nemi riƙe ta ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Minti 180 zuwa 200 a mako, doguwar fita ta Asabar awa ɗaya da kwata ta wajen Shika. Mai Phoenix 97.5, ƙugu 106, jini 132/84. Mai keken Kwatano 110.5, ya tsaya a nan mako biyu. Jiki in ya ragu, abin da yake ƙonawa ma yana raguwa, saboda haka tsayawar ba abin tsoro ba ce. Ƙugunsa na ci gaba da sauka, shi muke bi. Wili shiru.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan 1446

Awon kafin azumi: mai Phoenix kilo 96.5, mai keken Kwatano 109, mai Raleigh 86.5. Kowa ya sauke tsakanin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin da ya fara da shi, kuma daga kashi 5 ake fara ganin amfani a jini da suga.

Azumi ya zo da shigowar zafi, saboda haka an soke fitar safe: wanda ya zubar da lita ɗaya da hantsi ba shi da hanyar mayar da ita sai magariba. Zaɓi biyu ne. Ko minti 20 zuwa 25 a hankali dab da shan ruwa, kusa da gida, ko minti 30 zuwa 40 bayan sallar asham, da farar fitila a gaba da ja a baya, a titin da aka sani. An ajiye hawan tudu sai bayan salla. Burin watan nan a riƙe abin da aka samu, minti 100 zuwa 120 a mako ya wadatar.

Hatsarin watan yana kan faranti. Buɗa-baki da ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da lemo na iya dawo da kilo biyu cikin wata. Tsarin shi ne dabino da ruwa, a yi salla, sannan abinci ɗaya na ƙwarai, ruwa kuma lita biyu zuwa uku a rarrabe tsakanin magariba da sahur. Mai Raleigh ba zai hau keke da azumi a bakinsa ba ko kaɗan, bayan asham kawai, kuma likitansa ya riga ya sauya masa lokacin shan magani. Robar birkin Phoenix ta kusa layi, za a sauya ta ranar Litinin kafin ya fara fitar dare. Awo na gaba sati ɗaya bayan ƙaramar salla.